Fashewar Hasken Gamma Ce Ta Tona Kuskuren Einstein?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Na ji a labarai cewa a shekarar 2022 an ga wata fashewa a sararin samaniya da ba a taɓa ganin irinta ba, har ta taɓa iskar duniyarmu. Daga baya kuma na karanta cewa masana sun shiga ruɗani a kan yadda sararin samaniya yake faɗaɗa, wasu ma suna cewa ka'idar Einstein ta kusa rushewa. Mece ce wannan fashewa, tana da haɗari gare mu, kuma da gaske ita ce ta nuna Einstein bai yi daidai ba?" Daga wani ɗalibin kimiyya a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa labarai biyu waɗanda kowannensu gaskiya ne, amma ba igiya ɗaya ce ta ɗaure su ba. Gaskiya ne an ga wannan fashewa, wadda ake kira fashewar hasken gamma, kuma gaskiya ne akwai saɓani mai ƙarfi tsakanin masana a kan faɗaɗar sararin samaniya. Inda zance ya karkace shi ne wurin da aka ce na farkon ne ya jawo na biyun, ko kuma shi ne ya raunana ka'idar Einstein game da jan nauyi. A iya abin da awo ya nuna zuwa yau, irin wannan fashewa tana cikin manyan shaidun da suka ƙara wa ka'idar ƙarfi, kuma tsagar da ake gani a bangon ilimin tana wani ɓangare ne daban.

Abin da aka gano ana neman wani abu

Hasken gamma haske ne kamar wanda ido yake gani, sai dai kowace ƙwaya tasa tana ɗauke da ƙarfin da ya wuce na hasken da likitoci suke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, don haka sai daga sama ake iya kama shi kai tsaye. Bayan yarjejeniyar 1963 wadda ta hana gwajin makaman nukiliya a iska da ruwa da sararin samaniya, Amurka ta harba taurarin ɗan Adam masu suna Vela domin su riƙa gadin ko wani zai karya alkawari a ɓoye. A ranar 2 ga Yuli, 1967, suka kama wata walƙiyar gamma wadda ba ta yi kama da ta bam ba. Sai a 1973 masu binciken cibiyar Los Alamos ta Amurka suka wallafa cewa walƙiyoyin ba daga duniya suke fitowa ba, ba kuma daga rana ba.

An shafe fiye da shekara ashirin ana jayayya a kan nisansu. Na'urar BATSE da ke kan tauraron Compton, wanda aka harba a 1991, ta tattara kusan 2,700 daga cikinsu, ta kuma nuna suna zuwa daga kowace kusurwa ta sama daidai wa daida. Da a cikin tarin taurarinmu suke, wato rukunin taurarin da rana take ciki, da sun taru a layin da taurarinmu suka fi yawa. Hujjar da ta kashe gardamar ta zo a 1997, lokacin da tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya gano ragowar hasken da fashewar take bari bayan walƙiyar ta wuce, har aka auna nisan wata da ta auku a watan Mayun 1997 aka samu biliyoyin shekarun tafiyar haske. Abin da zai haskaka haka daga irin wannan nisa dole ne ya fitar da makamashi cikin 'yan sakanni kwatankwacin abin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta ta shekara biliyan goma.

Daga ina suke fitowa

Tun 1993 aka lura sun kasu biyu, akwai gajeru da ba sa kai sakan biyu, akwai dogaye da suke wuce haka. Dogayen suna aukuwa ne idan wani ƙaton tauraro, wanda ya ninka rana nauyi sau gommai, ya ƙarar da makamashinsa, cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da jan nauyinsa ba ya barin ko haske ya fita, sannan abin da yake zubawa cikin ramin ya harba feshi guda biyu masu gudu daf da gudun haske, su huda jikin tauraron su fito. An tabbatar da wannan a 2003, da aka ga mutuwar tauraro ta bayyana a daidai wurin da fashewar 29 ga Maris ta auku. Gajerun kuwa daga karon taurarin niyutron biyu suke, wato gawarwakin taurari waɗanda faɗin kowannensu bai wuce kilomita ashirin da 'yan kai ba, amma nauyinsa ya fi na rana.

Batun feshin nan yana da muhimmanci ga tambayarka ta haɗari. Hasken ba ya bazuwa ko'ina, siriri ne kamar na tocila cikin dare: wanda aka haska wa ido kai tsaye shi ne zai ga abin ya dalle shi, na gefe kuwa da ƙyar zai lura. Don haka mafi yawan fashewar da ake yi ba ma ganinsu, kuma waɗanda muke gani suna bayyana da ƙarfi fiye da yadda suke a haƙiƙa.

Wannan rabo na gajere da dogo shi ne abin da binciken 'yan shekarun nan ya girgiza. A Disambar 2021 an ga wata fashewa da ta kai kusan minti guda, wadda bisa tsohon lissafi ya kamata ta zama mutuwar ƙaton tauraro, amma hasken da ya biyo bayanta irin na karon taurarin niyutron ne. Ranar 7 ga Maris, 2023, aka sake ganin wata mai tsawon kusan sakan 200, kuma madubin hangen nesa na James Webb ya ga alamar sinadarin teluriyam a cikin haskenta, wanda yake cikin abubuwa masu nauyi da irin wannan karo yake ƙerawa. Sannan a ranar 2 ga Yuli, 2025, wata ta yi ta walƙiya na kusan awa bakwai, kuma har yanzu ana muhawara a kan abin da ya haife ta. Wannan duka gyara ne ga fahimtarmu ta yadda taurari suke mutuwa, kuma babban ci gaba ne, amma bai taɓa ka'idar jan nauyi ba.

Fashewar da ka ji labarinta

Ta iso ranar Lahadi, 9 ga Oktoba, 2022, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana agogon Najeriya da Nijar, bayan haskenta ya yi tafiyar kusan shekara biliyan 1.9. Ana kiranta GRB 221009A, domin sunan kowace fashewa daga ranar da aka gan ta ake ɗaukarsa. Bayanan Fermi, tauraron ɗan Adam mai kama hasken gamma, a buɗe suke ga kowa, kuma idan na sa ɗalibaina suka sauke su suka zana yadda hasken ya tashi ya sauka, abin da yake fara ɗaure musu kai shi ne tsakiyar zanen. Layin yana hawa, sai a daidai inda ya kamata ƙololuwa ta fito a ga ya baje, lambobin sun daina ma'ana. Ba kuskuren ɗalibi ba ne, ƙwayoyin hasken ne suka yi wa na'urar yawa har ta kasa ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai daga baya masana suka sake gina ƙololuwar da lissafi. Ƙiyasin da aka yi ya nuna cewa mai irin wannan haske tana iso duniya ne kamar sau ɗaya a shekara dubu goma.

Gaskiya ne ta taɓa iskar duniya, amma can sama ne, a sashen da igiyoyin rediyo suke dukawa su dawo, kuma na'urorin da suke sauraren dogayen igiyoyin rediyo ne suka ga canjin na ɗan lokaci. Babu mutum ko dabba ko shuka da abin ya shafa. Kafin irin wannan fashewa ta yi ɓarna, sai ta auku a cikin tarin taurarinmu, a nisan 'yan dubban shekarun haske, kuma feshinta ya saitu da mu, sannan ne za ta iya lalata iskar ozon da take kare mu daga zafin hasken rana mai ƙuna. Tun da aka fara sa ido a 1967 ba a ga irin wannan a cikin tarin taurarinmu ba, don haka ka kwantar da hankalinka ta wannan fuska.

Abu biyu ne suka fi jan hankalin masana game da ita. Cibiyar LHAASO da ke kan tsaunukan Sichuan a ƙasar Sin ta kama ƙwayoyin haske masu ƙarfin da ya ninka na hasken ido sau tiriliyoyi, alhali irin waɗannan ya kamata su yi karo da raunanan hasken da ya cika tsakanin tarin taurari su ɓace a hanya. A nan ne wasu suka yi saurin cewa wataƙila an samu tsaga a ka'idar Einstein, kuma ina zaton daga nan labarin da ka karanta ya samo tushe. Sai dai akwai bayani mafi sauƙi da ba a kawar ba, wato a ce wancan raunanan haske bai kai yawan da aka ƙiyasta ba, kuma mai bincike ba ya tsallake bayani mai sauƙi ya kama mai wuya sai da dalili. Na biyun shi ne wani layi da aka gano a cikin hasken, aka wallafa a 2024, wanda ake fassarawa da haɗuwar ƙwayar lantarki da ake kira ilaktaran da kishiyarta a cikin feshin da yake tunkaro mu da gudun da ya kai kusan kashi 99.9 cikin ɗari na gudun haske. Wannan fassara ita kanta da lissafin Einstein aka yi ta.

Jarrabawar 17 ga Agusta, 2017

A 1915 Einstein ya bayyana cewa jan nauyi lanƙwasa ce da abu mai nauyi yake yi wa sarari da lokaci. Gwajin farko da ya shahara an yi wani ɓangarensa ne kusa da mu, a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, inda Arthur Eddington ya auna karkatar hasken taurari a gefen rana lokacin kusufin 29 ga Mayu, 1919. Ka'idar ta kuma ce idan abubuwa masu nauyi suka yi juyi da ƙarfi, wannan lanƙwasa za ta bazu a matsayin igiyoyi, kuma gudunsu daidai yake da gudun haske. An fara kama igiyoyin kai tsaye ranar 14 ga Satumba, 2015, da na'urorin LIGO biyu a Amurka, masu hannuwa na kilomita huɗu-huɗu, daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu. Amma baƙin rami ba ya haske, don haka babu abin da za a gwada gudun igiyar da shi.

Damar ta zo ranar Alhamis, 17 ga Agusta, 2017, da ƙarfe ɗaya da minti 41 na rana agogonmu. LIGO ta kama igiyoyin taurarin niyutron biyu suna zagaya juna suna matsowa, na tsawon kusan sakan 100. Idan aka mayar da wannan alama sauti, kamar yadda nake kunna wa ɗalibai a aji, ana fara jin gurnani can ƙasa-ƙasa wanda da ƙyar kunne yake rarrabe shi, yana ta sirancewa a hankali, sai a ƙarshe ya yi sama da sauri ya tsinke. Sakan 1.7 bayan tsinkewar, tauraron Fermi da tauraron INTEGRAL na Turai suka kama gajeriyar fashewar gamma daga wannan sashe na sama. Na'urar Virgo da ke kusa da Pisa a Italiya ta taimaka wajen ƙunƙunce wurin, kuma bayan kusan awa goma sha ɗaya madubin Swope a ƙasar Chile ya ga sabon ɗigon haske a tarin taurari mai suna NGC 4993, nisan kusan shekarar haske miliyan 130. Cibiyoyin hangen sama kusan 70 suka juya kansa, kuma launin hasken ya nuna ana ƙera abubuwa masu nauyi a wurin, irin ajin da zinare da falatinam suke ciki.

Ka yi wannan lissafi da kanka, domin shi ne zuciyar amsar. Shekara miliyan 130 ta kai sakan kusan tiriliyan dubu huɗu. Igiyar jan nauyi da hasken gamma sun yi wannan doguwar tafiya, suka iso da tazarar da ba ta kai sakan biyu ba, kuma ita kanta tazarar ana iya bayaninta da lokacin da feshin ya ɗauka kafin ya huda tarkacen karon ya fito. Ma'anarsa ita ce, in ma akwai bambanci tsakanin gudun biyun, bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin tiriliyan dubu ba. Kafin wannan rana akwai ka'idoji da yawa da aka ƙirƙira domin su maye gurbin ta Einstein, kuma da dama daga cikinsu sun yi hasashen cewa gudun biyun zai bambanta. Awo ɗaya ya kawar da su. A ganina babu wani sakamako a wannan fanni cikin shekarun nan da ya kai wannan tsabta, domin ba ya buƙatar dogon zato: abu biyu sun taso tare, an ga lokacin isowar kowanne.

Akwai wani gwaji makamancinsa daga 10 ga Mayu, 2009. Wasu ka'idojin da suke ƙoƙarin haɗa jan nauyi da dokokin ƙananan ƙwayoyin halitta sun yi hasashen cewa haske mai ƙarfi sosai zai ɗan makara a hanya. A fashewar wannan rana, wata ƙwayar haske mai ƙarfin da ya ninka na hasken ido sau biliyoyi ta iso cikin ƙasa da sakan ɗaya da fara walƙiyar, bayan tafiyar kusan shekara biliyan bakwai, ba tare da wata makara da za a iya aunawa ba.

Inda saɓanin yake da gaske

Ruɗanin da ka karanta yana kan abin da ya cika sararin samaniya ne. Idan aka yi amfani da lissafin Einstein, awo yana nuna cewa abubuwan da muka sani, taurari da iska da mu kanmu, kusan kashi 5 ne cikin ɗari. Kusan kashi 27 ɓoyayyen abu ne mai nauyi da ba ya haske. Ragowar kusan kashi 68 kuma ɓoyayyen ƙarfi ne da yake ƙara wa faɗaɗar sauri, kamar yadda ƙungiyoyi biyu suka gano a 1998. Matsala ta farko ita ce saurin faɗaɗar a yau. Tauraron Planck na Turai, wanda ya auna tsohon hasken da ya rage tun farkon samuwar sararin samaniya shekara biliyan 13.8 da suka wuce, ya ba da kusan 67.4, a ma'aunin kilomita cikin sakan ga kowane nisan shekarar haske miliyan 3.26. Ƙungiyar masanin taurari Adam Riess, da take auna taurari da fashewarsu a tarin taurari na kusa, tana samun kusan 73. Kowane ɓangare ya tsaurara awonsa, amma tazarar ta ƙi rufewa.

Matsala ta biyu sabuwa ce. Na'urar DESI da ke Kitt Peak a Arizona, wadda take auna nisan miliyoyin tarin taurari, ta fitar da sakamako a Afrilun 2024 da Maris ɗin 2025 da suke nuna alamar cewa ɓoyayyen ƙarfin nan yana raguwa da tafiyar zamani, maimakon ya tsaya yadda yake kamar yadda aka daɗe ana ɗauka. Ƙarfin wannan alama, a ma'aunin da masana suke kira sigma, yana tsakanin 2.8 da 4.2, gwargwadon bayanan da aka haɗa da shi, kuma al'adar fannin ita ce ba a kiran abu ganowa sai ya kai 5. Ko da ya tabbata, abin da zai fara canzawa shi ne fahimtarmu ta ɓoyayyen ƙarfin, domin lissafin Einstein yana karɓar ƙarfin da yake canzawa. Tana yiwuwa a ƙarshe a ga cewa ka'idar tana buƙatar gyara a nisa mai girman gaske, kuma masana na ƙwarai suna aiki a kan hakan, amma duk gyaran da za a kawo dole ne ya fara tsallake shingen sakan 1.7 ɗin nan. Haka kuma kowa a fannin ya yarda ka'idar ba ta iya bayanin tsakiyar baƙin rami ko farkon lokacin samuwa, kuma wannan iyaka ce da aka sani tun da daɗewa.

To wace rawa fashewar gamma za ta taka wajen raba wannan gardama? Abin sha'awa gare ta shi ne nisa, domin wadda aka gani ranar 23 ga Afrilu, 2009 ta auku ne tun sararin samaniya yana da kusan shekara miliyan 630. Tun 2002 masanin taurari Lorenzo Amati ya nuna akwai alaƙa tsakanin launin hasken fashewar da yawan makamashinta, kuma wasu suna amfani da wannan su ƙiyasta nisa. Ni ina ɗaukar irin wannan sakamako da taka-tsantsan, saboda ɗigogin suna warwatse sosai a jikin zanen, kuma sau da yawa sai an fara ɗaukar wani tsari na faɗaɗar kafin a daidaita alaƙar, sannan a dawo a ce da ita za a gwada tsarin. Aikina koyarwa ne da nazarin bayanan da ake sakewa, ba gina waɗannan na'urori ba, don haka wannan hukunci ne na mai duba zane da lissafi, kuma akwai masu binciken da suka fi ni kyautata wa hanyar zato.

Hanyar da na fi sa rai a kanta ita ce ta 2017. Igiyar jan nauyi tana bayyana nisan inda ta fito kai tsaye daga siffarta, hasken kuma yana nuna tarin taurarin da abin ya auku a ciki da saurin da yake nisantar mu, don haka ana samun saurin faɗaɗar ba tare da jingina da ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ba. Karon 2017 shi kaɗai ya ba da kusan 70, amma da faɗin kuskure na kusan goma sama da ƙasa, wanda ya haɗiye 67 da 73 gaba ɗaya. Ana buƙatar gommai irinsa kafin awon ya yi kaifin da zai raba gardama, kuma samunsu ya yi wuya fiye da yadda aka zata: a Afrilun 2019 an sake kama igiyoyin karon taurarin niyutron, amma ba a gano haskensa ba. Sababbin idanu sun ƙaru tun daga nan, akwai tauraron Einstein Probe da Sin ta harba a Janairun 2024, da SVOM na Sin da Faransa a Yunin 2024, da cibiyar Vera Rubin a Chile wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025. Idan kana son bibiyar abin da kanka, sanarwar kowace sabuwar fashewa tana fitowa kyauta a tsarin GCN na hukumar NASA cikin ɗan lokaci da ganinta, kuma ɗalibin da ya iya ɗan lissafi da harshen kwamfuta na Python zai iya sauke bayanan Fermi ya zana walƙiyar 2022 a kwamfutarsa.